Kwaɗo a Aljihu

Tun kafin in sami ƙofa na sayi kwaɗo,
ɗan ƙarami, ruwan tagulla, makulli uku,
a bakin Panteka, hannun wani tsoho mai kasa kaya a buhu.
Ya ce, "Ango ne?" Na ce, "Mai niyya ne, Baba."
Wata bakwai ke nan yana cikin aljihu
yana cin wandona a hankali.

Shekara shida na kwana a shagon maigida,
tsakanin injin walda da tulin rodi,
in tashi da ɗanɗanon ƙarfe a harshe.
Ranar da aka yaye ni, aka shafa fatiha, aka raba goro,
sabon yaro ya shigo da tabarma a hammata,
ya tsaya yana duban inda nake shimfiɗa.
Bai ce komai ba. Ba sai ya ce ba.

Dillalin sunansa Tanimu, waya biyu gare shi,
ɗaya ta amsa kira, ɗaya ta cewa ba ya gari.
Kuɗin gani dubu uku, ka so abin da ka gani ko ka ƙi.
Ya kai ni Badarawa, ɗaki ya yi, kuɗi ya ƙi.
Ya kai ni Kurmin Mashi, kuɗi ya yi,
sai dai ƙofa goma sha huɗu, makewayi ɗaya,
layin buta tun kiran assalatu.
A Unguwar Rimi ban ko sauka daga keke ba,
katanga na gani, na gaishe ta, muka wuce.

A Unguwar Dosa mai gidan ya auna ni da ido,
ya tsaya kan hannuna, inda tartsatsi ya yi zane.
"Da iyali?" Na ce tukuna.
"Ba ma ba gwauro," ya ja ƙyaure.
Daren nan na je zance gidan su Rakiya,
kawunta ya tare ni a zaure:
"Kama ɗaki tukun, sannan mu ji bakinka."
To, da wanne zan fara?

Yohanna ya ce, "Haye gada mana,
Sabon Tasha da sauƙi, ga ɗaki jikin nawa."
Na gaya wa Inna a waya.
Ta yi shiru mai tsawo,
shirun wadda ta ga abin da ban gani ba.
Na ce wa Yohanna sai na yi shawara.
Ya ce ya sani. Muka ci gaba da shan shayi.

Kuɗin shekara, da na dillali,
da na lauyan da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.
Duk ran da na kwashi adashi
sai in tarar haya ta ƙara taku ɗaya.

Rafin Guza, can ƙarshen layi, inda kwalta ta gaji,
wata tsohuwa, Goggo Marka, ta buɗe mini ɗaki.
A bango akwai layi ruwan ƙasa, daidai gwiwa.
Na ce, "Wannan fa?"
Ta ce, "Sa hannun kogi ne.
Yakan zo a tsakiyar damina, ba kowace shekara ba,
kuma shi ba ya biyan haya."
Ba ta tambayi mata ba. Hannuna ta duba:
"In ka ɗinke mini ƙofar gidan nan, na yafe wata biyu."

Na ɗinke ta. Na ƙera gado mai dogayen ƙafafu,
na kafa kanta can sama, kusa da rufi.
Daren farko na kulle, na buɗe, na sake kullewa,
ba don ɓarawo ba, me zai ɗauka?
Don in ji ƙarar kawai.

Kwaɗi na ta kuka a rafi,
nawa ya yi shiru, ya sami wurin zama.
Makulli ɗaya a wuyana, ɗaya zan aika wa Inna.
Na ukun na sa shi kan kanta,
inda ruwa bai taɓa kaiwa ba.